DA TSANI AKE SAUKOWA, BA DA MARI BA

Maganarmu ta wannan mako a kan wani ciwo ce wanda babu kasuwar da bai shiga ba, tun daga Kurmi da Kantin Kwari har kasuwar ƙauye mai ci mako-mako. Kowa yana da ɗa, ko ƙane, ko yaron shago da ya kamu, amma da an ɗauko zancen sai a sunkuyar da kai. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciwon nan shi ne sabo da ƙwaya, watau Tiramol da kodin da danginsu. Yadda ake kamuwa an sha faɗa, ba za mu maimaita ba. Tambayarmu ga mahukunta ɗaya ce: wanda ya tuba, ya ce shi zai bari, wace hanya kuka shirya masa?

LABARIN WANI ƊAN DAKO

Bari in ba ku labarin wani ɗan dako da na sani a kasuwarmu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ya bar uwa da 'ya'ya. Shekara da shekaru yana sauke buhunan hatsi daga mota, tun sassafe har magariba. Da ciwon baya ya matsa masa, sai wani abokin aikinsa ya miƙa masa ƙwaya guda, ya ce ta ƙarfi ce. Daga guda aka koma biyu, daga biyu aka bar ƙidaya. Ran da farfaɗiya ta kayar da shi a gaban rumfar ubangidansa, ya farfaɗo ya ga mutane tsaye a kansa, sai ya rantse ya daina.

Ubangidan nasa mutumin kirki ne, ya kai shi wani asibiti mai nisa da garinmu. Likita ya ɗora shi a kan magani mai awo maimakon ƙwayar kasuwa, ya ce za a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan, amma tilas ya riƙa zuwa a kan lokaci. Wata huɗu yana zuwa bai fasa ba. Ya yi ƙiba, ya koma sahun salla, har ya saya wa matarsa atamfa. Sa'an nan ran 29 ga Mayu 2023, aka tashi aka ce tallafin man fetur ya tafi. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye naira 500. Kuɗin mota ya ninka. Bawan Allah ya fasa zuwa sau ɗaya, ya fasa sau biyu, magani ya yanke masa farat ɗaya.

Abin da ya biyo baya na gani da idona. Gumi, zawo, ciwon gaɓoɓi, duk waɗannan ya jure. Abin da ya gagare shi shi ne fargaba. Tsakar dare sai ya zabura ya dafe ƙirji, zuciya tana bugu kamar ganga, numfashi yana sarƙewa, yana cewa yanzu zai mutu. Da rana ya kasa shiga kasuwa, hayaniya kaɗai tana sa shi rawar jiki. Dangi suka ce iska ce, aka kai shi gidan mari. Wata uku yana ɗaure. Ya fito a rame, shiru-shiru, kowa yana hamdala an ce ya warke. Kwana goma ba su cika ba fargabar ta komo. Ya tafi wurin mai ƙwaya, ya sayi adadin da ya saba sha a da, ya haɗa da ƙwayar barci don zuciya ta lafa. Da asuba aka tashe shi salla, bai tashi ba.

Wa ya kashe shi? Kafin mu ba da amsa, sai mun fahimci abin da ke faruwa a jikin irin wannan mutum.

SABO BA WAUTA BA CE KAƊAI

Mun gaji karin maganar nan cewa sabo turken wawa, kuma da ita muke wanke hannunmu. Amma likitoci sun san abin da ya fi haka. Tiramol da kodin dangin ofiyom ne. Aikinsu su danne wani sashe na ƙwaƙwalwa wanda yake ta da mutum in ya ga haɗari, ya sa zuciya bugu, ya sa gumi. Ku ɗauka doki ne da aka daɗe ana ja masa linzami, shi kuwa kullum yana ƙara turjewa gaba. In ka saki linzamin a hankali, doki ya natsu. In ka sake shi gaba ɗaya, sai ya zabura da kai cikin daji. Wannan zaburar ita ce hamma da hawaye da majina da amai da zawo da rashin barci, ita ce kuma tsoron nan marar dalili.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana lokacin abin. Ƙwayar da ke saurin fita daga jiki, azabarta tana farawa cikin awa 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, ta yi kwana 4 zuwa 10. Wadda ke daɗewa a jiki tana farawa cikin awa 12 zuwa 48, ta yi kwana 10 zuwa 20. Bayan ciwon jiki ya wuce, rashin barci da faɗuwar gaba kan bi mutum makonni, wani ma watanni. Tiramol kuwa ta fi 'yan'uwanta sharri ta wannan fuska, domin ta hanya biyu take aiki: tana kashe zafin ciwo, tana kuma taɓa jijiyoyin da ke riƙe da natsuwar zuciya. Shi ya sa mai barinta yakan haɗu da firgici mai tsanani, har wani ya riƙa jin kamar hankalinsa zai gushe.

Akwai kuma wata gaskiya da ba a faɗa. Da yawa daga cikin masu shan nan, tun kafin su san ƙwaya suna da ciwon fargaba. Yaron da aka kai wa ƙauyensu hari da dare, matar da aka sako da 'ya'ya biyar, ɗan kasuwar da bashi ya hana barci, ƙwaya ta rufe musu ciwon kamar yadda tabarma ke rufe rami. Ka janye tabarma ba ka cike ramin ba, me ka yi? Ciwo biyu ne a jikin mutum ɗaya, kuma tilas a yi maganinsu tare.

MAGANIN MADADI

Duniya ba jiya ta gano mafita ba. Tun cikin 1964 wasu likitoci biyu a birnin New York na Amurka, Dole da Nyswander, suka fara gwada wani magani mai suna metadon ga waɗanda suka kamu. Daga baya aka sami wani, bufurenofin. Su ma dangin ofiyom ne, amma suna shiga jiki a hankali, su fita a hankali. Ana ba mutum awo ɗaya a yini, a gaban ma'aikacin asibiti. In awon ya yi daidai ba ya buguwa, ba ya layi, jaraba ta lafa, ya tafi neman abincinsa. Cikin 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su duka biyu cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada.

Na san wani zai ce, ai an sauya ƙwaya da ƙwaya ke nan. To, Malam, saurara. Cikin 2017 wata mujallar likitoci ta Ingila ta buga babban bincike wanda ya haɗa mutum fiye da 120,000 masu karɓar metadon. Aka tarar cikin kowane mutum 1,000 da ke kan magani, kamar 11 ne ke mutuwa a shekara. Cikin waɗanda suka bar magani kuwa, 36. Ninki uku ke nan da ɗoriya! Kuma makonni huɗun farko bayan an bari su ne mafi haɗari. Dalili a fili yake: in mutum ya ɗan kwana biyu bai sha ba, jikinsa ya manta da juriyar da ya saba, adadin da jiya yake sha ya ɗauki buhu, yau shi zai tsayar masa da numfashi. In ya haɗa da ƙwayar barci irin su diyazafam da rochi, to ya haƙa kabari da hannu biyu. Ga abin da ya ci ɗan dakonmu.

Saboda haka maganin madadi tsani ne. Wanda ya hau ƙololuwar kuka, in kana ƙaunarsa, tsani za ka kafa masa. Likita yakan rage kaɗan, ya dakata ya ga yadda jiki ya karɓa, sa'an nan ya sake ragewa. In fargaba ta taso ta fi ƙarfin mutum, sai a tsaya a wannan matakin har ƙafa ta kafu. Matakan ƙarshe su suka fi wuya, a nan ake ƙara sassautawa. Wani ya sauko cikin watanni, wani sai shekaru, wani kuma likita ya ga zamansa a kan maganin ya fi masa alheri, kamar mai ciwon sukari da allurarsa. Babu abin kunya a ciki. Sannu ba ta hana zuwa.

ABIN DA MAHUKUNTA SUKA YI

Yanzu sai mu buɗe littafin mahukunta mu ga aikinsu. Cikin 2017 aka tashi a Majalisar Dattawa aka ce kwalabe miliyan 3 na kodin ake sha kowace rana a Kano da Jigawa. Aka yi salati, aka watse. Sai da gidan rediyon BBC ya nuna wa duniya hoton abin a ƙarshen Afrilu 2018, sa'an nan kunya ta kama Gwamnati, ran 1 ga Mayu ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Madalla. Amma dubban da suka riga suka kamu fa, da gari ya waye ina aka ce su nufa? An rufe rijiya, ba a tambayi masu ƙishirwa ba. Suka koma kan Tiramol mai awo 225, alhali wadda hukumar NAFDAC ta amince da ita 50 ce da 100. Da ƙasar Indiya ta tsananta dokar Tiramol cikin 2018, 'yan kasuwar mutuwa suka sauya haja, har cikin 2025 aka sake fallasa wani kamfani na can yana aiko mana da wani haɗin da ya fi ta muni.

Gwamnati ba za ta ce ba ta sani ba. Ita da kanta, tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi ƙidaya, aka fito da sakamako cikin Janairu 2019. Mutum miliyan 14.3 ne suka sha wani abin maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 4.6 ƙwayoyin dangin ofiyom suke sha. Kusan miliyan 3 abin ya riga ya zame musu ciwo. Cikin kowane huɗu, ɗaya mace ce. Ga lissafi a hannu, ina asibitin?

Amsar ta fito cikin Satumba 2019, sa'ad da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, yara da manya, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Wata mai bi aka sami irinsa a Daura. Manya suka yi ta Allah wadai a rediyo. Amma ku tambaye su: uwar da ta kai ɗanta can, don ƙiyayya ta kai shi? Ta duba gabas da yamma ba ta ga wata ƙofa a buɗe ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma kullum wasu suna haɗa kaya suna ficewa. Asibitocinsu ana ƙirga su da yatsu: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, Maiduguri. Mutumin ƙauye ya sayar da akuya kafin ya ga ƙofarsu.

Dokar mahaukata ta 1958, wadda muka gada daga Turawa, ita ta yi ta mulkin marasa lafiyar nan har Janairu 2023 da aka sa hannu kan sabuwa. Shekara 65! Sabuwar ta yi kyau a takarda, amma takarda ba ta ba da magani. A Abuja aka taru cikin 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya. A gidanmu aka ɗaura alkawarin, kuma har yau Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Kada a ce mana abin ya fi ƙarfin baƙar fata. Tanzaniya ta buɗe wurin ba da metadon a asibitin Muhimbili na Dar es Salaam cikin 2011. Kenya ta bi cikin 2014. Senegal ta buɗe tata cibiya a Dakar a ƙarshen wannan shekarar. Sun fi mu man fetur ne? A nan gida ma, tun cikin 1954 Likita Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa ana iya jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa a cikin ƙauye, kowa da ɗan'uwansa a gefe, babu ƙulli babu kurkuku. Duniya ta zo ta koya daga gare shi, mu muka manta.

Ba mu ce kada a kama dillalai ba. Hukumar NDLEA tun 1989 take wannan aiki, Allah ya taimake ta a kan manyan kifaye masu kwantena a tashar jirgin ruwa. Amma tara ƙwaya a cinna mata wuta a gaban masu ɗaukar hoto bai taɓa sa wani mai fargaba barci ba. Kama ɗan dako da ƙulli biyu a aljihu, an bar jaki ne ana dukan taiki. Kuma kowa ya sani, ɗan mai mulki in ya kamu ba a kai shi mari. Asibitin kuɗi ake kai shi a ɓoye, ko a ɗaga shi zuwa ƙasar waje, a ce ya tafi karatu. Tsani na 'ya'yansu, sarƙa ta 'ya'yanmu.

NAMU LAIFIN

Gaskiya ɗaya ce, in mun faɗa wa mahukunta tilas mu faɗa wa kanmu. Mai kemis ɗin da ke miƙa ƙwaya ta ƙarƙashin teburi ɗan kasuwa ne irinmu, sahunmu ɗaya a masallaci. Ubangidan da ke ɗora wa yaro aikin mutum uku, ya ga idonsa ya yi ja ya kau da kai, shi ma da hannunsa a ciki. Mu ne kuma masu cewa mai jinya, har yanzu ba ka daina shan maganin nan ba? Kai ba namiji ba ne? Da irin wannan gori ake ture mutum daga kan tsani.

Malamanmu sun karantar da mu cewa giya ma ba a rana ɗaya aka haramta ta ba, mataki-mataki hukuncin ya sauko, domin Mahalicci ya san halin bayinsa. To, mu su wane ne da za mu fi Shari'a gaggawa? A yi addu'a, a yi tofi, a ja mutum zuwa masallaci, duk alheri ne. Amma addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma babu inda aka ce sarƙa magani ce.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kana kan magani, ko naka yana kai, riƙe waɗannan. Kada ka yanke da kanka, kada ka rage da kanka, ko da ka ji garau. Gaya wa likita maganar fargaba da bakinka, kada kunya ta hana ka, domin tana da magani nata dabam, na sha da na zama a yi magana. Kada ka nemi ƙwayar barci a kasuwa, kada ka kusanci giya. In kuwa ka riga ka saba da ƙwayar barci, ita ma ba a yanke ta farat ɗaya, tana kawo farfaɗiya. In firgici ya taso, zauna, ja numfashi a hankali, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja. Yawanci cikin minti goma yake kai ƙarshen ƙarfinsa, sa'an nan ya fara sauka. In ciwon ƙirji ya ƙi lafawa, a tafi asibiti. Rage goro da shayi mai kauri, suna ƙara bugun zuciya. In kuma ƙaddara ta sa ka koma, kada ka taɓa adadin da, kada ka sha kai kaɗai a ɗaki, ka koma wurin likita washegari ba tare da jin kunya ba. Wanda ya zame a mataki ɗaya ba daga ƙasa yake sake farawa ba.

Ku kuma shugabannin kasuwa, kuna adashin biki da na suna. Me zai hana a yi asusun kuɗin mota don yaran da ke zuwa asibiti? Da an yi haka a kasuwarmu, da yau ɗan dakon nan yana sauke buhu.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, a buɗe ɗakin jinyar masu sabo da ƙwaya a kowane babban asibitin jiha da na ƙaramar hukuma, a sa maganin madadi a ciki, kyauta, kuma kada ya yanke.

Na biyu, a koya wa ma'aikatan asibitin shan magani na unguwa da ƙauye yadda za su gane ciwon fargaba su yi jinyarsa, tun da likitocin ƙwaƙwalwa ba za su isa ba.

Na uku, a ajiye allurar nalokson, wadda ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta tsayar wa numfashi, a kowane asibiti da kowace babbar tasha.

Na huɗu, wanda aka kama yana sha a kai shi gaban likita, wanda aka kama yana shigo da ita a kai shi gaban alƙali, kome girman rawaninsa. Wanda yake kan magani kuma aka tsare shi, kada a yanke masa a kurkuku.

Na biyar, a kwance kowace sarƙa, amma a buɗe ƙofar asibiti kafin a rufe ta mari.

Ga tambayar da muka bari a baya: wa ya kashe ɗan dakon nan? Mai ƙwaya ya sa hannu, jahilcinmu ya sa hannu, amma babban kaso na waɗanda suka karɓi harajinsa na kasuwa shekara da shekaru ne, suka kasa kafa masa tsani a garinsu. Nan gaba kaɗan za su zo da motoci da lasifika da atamfa suna neman ƙuri'a, kuma ku lura da abin da ake raba wa samarin da ke rataye a bayan motocin. In sun tsaya a bakin rumfarka, kada ka tambaye su shinkafa. Tambaye su: ina asibitin ɗana? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya jiƙan wanda ya tafi, ya ba masu jinya lafiya da haƙuri, ya ba talaka sawaba. Amin.